Tsirar da reshen itatuwan ado da funfuna mai amfani a Kumasi

Tsirar da reshe hanya ce ta yawaita itatuwan ado ba tare da iri ba: a yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a tsige ganyen ƙasa, a kafa shi a leda har ya yi saiwa. Da ita masu lambun furanni na gefen titi a Kumasi, cikinsu har da 'yan Zango, ke samun bugenbiliya, ikzora da kuroton.

Tarihi

Akwai funfuna mai amfani ga saiwar tsiro, kuma iri biyu ne aka fi ambata a wannan fanni na kafa reshe. Na farko shi ne maikoriza, wanda ke zama cikin saiwa, yana miƙa zaruruwansa cikin ƙasa yana jawo wa tsiro ruwa da sinadarin fosfaros, shi kuwa tsiron ya biya shi da sukari. Masani Bajamushe Albert Bernhard Frank ne ya raɗa masa wannan suna a 1885. Na biyu, Trichoderma, wani masani mai suna Persoon ya bayyana shi tun 1794, amma sai a wajajen 1932 wani masanin mai suna Weindling ya nuna cewa yana cinye wasu funfunan da ke ruɓar da saiwa. A Ghana kuwa, kiwon itatuwan ado a hukumance ana danganta farkonsa da lambun Aburi, wanda aka buɗe a 1890, kodayake kafa reshe ba baƙon abu ba ne ga manoman rogo.

Abin da ake kafawa a ciki

Baƙar ƙasa zalla tana riƙe ruwa fiye da kima, gindin reshe ya yi baƙi ya ruɓe. Shi ya sa ake gauraya ta da yashin rafi, ko ƙaiƙayin shinkafa da aka babbake, ko saƙar ɓawon kwakwa da aka wanke gishirinta. Kumasi gari ne na katako, garin katako ba ya wuya a wuraren kafintoci irin su Sokoban. Sai dai ɗanyensa yana zuƙe sinadarin naitirojin da tsiro ke buƙata, ganye ya koma rawaya; sai wanda ya daɗe a jibge ya yi duhu. Sau da yawa ledar fiya-wata da aka huda gindinta ita ce tukunya. A lokacin hunturu akan rufa leda mai haske a sama don kada reshe ya bushe.

Saɓanin masana

Ko funfunan na sa saiwa ta fito da wuri, gwaje-gwaje sun saɓa, gwargwadon irin itacen. Maikoriza dai ba ya kamawa sai saiwa ta ɓullo.