Ma'anar harafin gudu da ke jikin tayar mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu sayar da taya a Katsina, ko ta wajen Ƙofar Ƙaura ko a bakin hanyar Kano, ya san yadda cinikin yake farawa. Mai saye zai ce, "Maigida, akwai 17?" shi kuma mai kaya ya amsa da tambaya, "Sabuwa ko Beljiyam, Alhaji?" Daga nan sai a mirgino tayar, a danna ta da babban yatsa, a leƙa zurfin zanenta, a shiga tayi. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya karanta rubutun da ke gefenta har ƙarshe, alhali a ƙarshen nan ne harafi guda yake zaune, H ko V ko W ko Y, wanda ga mai ƙaramar mota mai ƙarfin inji, irin su Lexus IS 350 da Mercedes C300 da BMW 3 Series, ya fi sunan kamfanin da ya ƙera tayar muhimmanci. Wannan shi ne harafin gudu.

Kafin a kai gare shi sai an bi ta kan lambobin da suka gabace shi. A ɗauki taya da aka rubuta wa 225/45 R17 94W. Lamba 225 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 45 tana nufin tsawon gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 45 cikin 100 ne na faɗin, wato wajen milimita 101. Harafin R yana nuna irin saƙar da aka yi wa zaren cikinta, saƙar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, kuma yau kusan duk tayoyin ƙananan motoci ita suke bi. Lamba 17 girman da'irar rim ne daga baki zuwa baki da inci, ita ce kaɗai yawancinmu muka haddace. Lamba 94 tana nuni ga nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kilo 670 ke nan, kamar yadda 91 take nufin kilo 615. Sai harafin W.

Harafin yana faɗin iyakar gudun da tayar za ta jure, tana ɗauke da kaya, tana da iska daidai, ba tare da ta tarwatse ba. S kilomita 180 ne a awa, T 190, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Idan aka ga ZR a tsakiyar rubutun, kamar 225/45 ZR17, ana nufin tayar tana cikin jinsin waɗanda suka haura 240, amma sai an duba harafin ƙarshe za a san iyakarta. Mai lura zai ga cewa haruffan suna bin jerin abacada, ban da H da ya bar mazauninsa ya zo ya raɓa tsakanin T da V, kuma wannan yakan ruɗa masu saye su ɗauka ya gaza S da T, bayan kuwa ya ɗara su.

A nan mai hankali zai yi tambaya. Iyakar gudun da dokar hanya ta yarje wa motar gida a Nijeriya kilomita 100 ne a awa a kan babbar hanya mai hannu biyu, kuma ko wanda ba ya jin maganar jami'an kiyaye haɗurra ba zai sami filin da zai taka 270 tsakanin Charanchi da Kankiya ba, ga jakuna, ga masu babur, ga ranar kasuwa. To mene ne amfanin W ga mutumin Katsina? Amsar tana cikin abin da ke kashe taya, wato zafi. Duk zagaye ɗaya da taya ta yi, sashen da ya taka ƙasa yana lanƙwashewa ya sake miƙewa, kuma wannan lanƙwasa da miƙewa ita ke haifar da zafi a cikin roba, kamar yadda wayar ƙarfe take ɗumama a hannu idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Gudu yana ƙaruwa, lanƙwasar tana yawaita, zafin yana taruwa, har ya kai inda roba za ta saki wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zanen. Taya mai babban harafi an yi mata ƙarin ɗauri na zaren nailan a kan waɗannan wayoyi, an kuma haɗa robarta yadda za ta jure zafi. Saboda haka abin da harafin yake aunawa a zahiri juriyar zafi ce, gudu kuwa hanyar gwada ta ne kawai.

Yadda ake gwajin ma ya cancanci a sani. A ƙa'idar Turai ana ɗora sabuwar taya a kan wata babbar ganga ta ƙarfe mai santsi a cikin ɗakin gwaji, a matse ta da nauyi, a riƙa ƙara gudun da kilomita goma-goma har a kai iyakar harafin, duka cikin kimanin awa ɗaya, kuma zafin ɗakin yana tsakanin digiri 20 da 30. Babu rami a gangar, babu tsakuwa, babu faci a tayar. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin iskar Katsina yakan haura digiri 40, kwaltar da rana ta wuni tana gasawa kuma ta fi haka nesa, har mutum ba ya iya taka ta ba takalmi. Wanda ya baro Daura da azahar ya nufi Kano ta Kazaure da mutum biyar a mota da kaya a but, tayarsa ta fara aiki ne tun tana da ɗumi. Tazarar da ke tsakanin gudun da yake yi da harafin da ke jikin tayar ita ce rarar da yake da ita, kuma a irin wannan yanayi rarar tana da daraja.

Akwai wata fa'ida ta biyu wadda ita direba mai son tuƙi yake fara ji a hannunsa. Tayoyin V da W da Y galibi gefensu ya fi tauri, don haka idan aka karya sitiyari motar tana amsawa nan take, ba ta yin lilo a kwana, kuma robarsu ta fi kama kwalta lokacin da aka taka burki da ƙarfi. Duk ƙarfin inji da kyan burkin mota a wurare huɗu suke haɗuwa da ƙasa, kowanne bai wuce girman tafin hannu ba sosai. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni suke da jinsi na musamman don irin waɗannan motoci, kamar Pilot Sport na Michelin, da Potenza na Bridgestone, da P Zero na Pirelli, da Eagle F1 na Goodyear, da SportContact na Continental. Sai dai roba mai kama ƙasa tana saurin cinyewa. Tayoyin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da wata lamba ta ƙiyasin daɗewar zane, inda ta gudu takan nuna wajen 300, ta zirga-zirgar yau da kullum kuma 600 ko fiye, ko da yake lambar ta fi amfani wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya. Kusa da ita akwai harafin juriyar zafi, A ko B ko C, kuma a ganina mai mota a arewacin Nijeriya bai kamata ya karɓi abin da ya gaza A ba.

Ƙa'idar zaɓi mai sauƙi ce: kada a sauka ƙasa da harafin da maƙerin motar ya sa. Yana nan a littafin motar, girman tayar da yawan iskar da ake buƙata kuma suna kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Hawa sama ba laifi. Gauraya haruffa kuwa yana mayar da motar gaba ɗaya matsayin tayar da ta fi rauni, kuma ya fi muni idan aka sa iri biyu a hagu da dama na layi ɗaya, domin ranar da aka taka burkin gaggawa kowace za ta kama ƙasa da nata ƙarfin. Wasu motocin ma tun daga kamfani tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, kamar Lexus IS 250 mai jan baya da ke zuwa da 225/45 R17 a gaba da 245/45 R17 a baya, don haka sayen huɗu iri ɗaya domin a sami rangwame kuskure ne.

Inda maganar ta fi shafarmu shi ne cewa harafin na tayar da take sabuwa ne, lafiya lau. Abubuwa da yawa suna rushe shi, kuma na farkonsu shekaru. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye: 2319 yana nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba, kuma zafi yana gaggauta bushewar. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta ƙare aiki bayan shekara 4 da ƙera ta, Michelin kuwa yana cewa a riƙa kai ta dubawa kowace shekara bayan ta cika 5, a kuma cire ta ko yaya take idan ta kai 10. Ko wanne mutum ya ɗauka, tayar Beljiyam mai shekara 8 da aka wanke aka shafe da mai tana sheƙi ba W ba ce, ko da W ɗin yana nan raɗau a jikinta. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin jerin abubuwan da hukumar kwastan ta haramta, amma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙerawa a Legas a 2008, sabuwar taya mai suna ta zama kayan waje da farashinta ke bin dala, kuma wannan ne ya riƙe kasuwar gwanjo da rai.

A cikin gwanjon nan akwai wani tarko da ya fi tsufa haɗari. Ƙanina ya taɓa zuwa mini da murna da tayoyi biyu masu zurfin zane, masu ƙananan tsage birjik kamar an yi musu zube, robarsu tana lotsawa da farce. A gefensu akwai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya. Tayoyin hunturun Turai ne, waɗanda aka haɗa robarsu don ta yi laushi a sanyin da ya gaza digiri 7, kuma yawancinsu harafinsu bai wuce T ko H ba. A kan kwaltarmu irin wannan roba tana yin laushi fiye da kima, burki ya yi nisa, zane ya suɗe da wuri. Abin da Turawa ke kira tayar bazara shi ne ya dace da mu shekara zagaye, domin ko a tsakiyar hunturu da wuya sanyin Katsina ya sauka inda za ta taurare, kuma sunan bai hana ta kama ƙasa da damina ba, matuƙar zanenta bai kusa iyakar milimita 1.6 ba.

Sai iska. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa fiye da ƙima, don haka tana tara zafin da ya fi na gudu. Tayoyi masu gajeren gefe, waɗanda ake kira lo-furofayil, suna da wata yaudara: saboda taurin gefensu, za su iya rasa iska mai yawa ido bai gane ba. A ɗaya gefen kuma akwai mai facin da zai ɗura iska ya buga tayar da ƙarfe ya saurari ƙararta ya ce ta yi, ko ya karanta lambar da ke jikin tayar, wadda iyakar abin da za ta ɗauka ce, ya cika har can. Lambar da ake bi ita ce ta jikin ƙofa, wadda ga yawancin waɗannan motoci takan faɗa tsakanin 32 da 38 a ma'aunin masu faci, kuma da safe ake geji kafin a yi tafiya. Al'adar rage iska a tsakiyar tafiya don an ga ta hau saboda zafi ba daidai ba ce, domin hawan nan an riga an yi lissafinsa. Faci ma yana da hukunci: hujin ƙusa a tsakiyar zane ana gyara shi daga ciki, ko da yake wasu kamfanonin suna ɗaukar cewa harafin gudun ya faɗi daga ranar, amma yanka ko ƙullutu a gefen taya alama ce ta zaren ciki ya tsinke, kuma wannan ba ta gyaruwa.

Ƙullutun nan shi ke sa ni saɓa wa samarin da suke cire rim 17 su ɗora 19 don motar ta yi kyan tsayuwa a wajen biki. Idan rim ya girma dole gefen taya ya gajarta domin zagayen ya tsaya yadda yake: 225/45 R17 tana da kusan milimita 101 na roba tsakanin rim da ƙasa, 225/40 R18 tana da 90, 225/35 R19 kuwa ba ta kai 80 ba. A kan hanya mai laushi gajeren gefe yana ƙara kaifin sitiyari. A hanyar da damina ta ci bakinta, ko a kan tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu, rami ɗaya ya isa ya matse gefen tayar tsakanin kwalta da ƙarfe, a wayi gari da ƙullutu ko lanƙwasasshen rim. Ga wanda yake zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura ko Funtuwa, 45 a kan rim 17, da harafin V ko W, da alamar XL mai nuna ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi idan an samu, da kwanan ƙira da bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, shi ne haɗin da zan zaɓa, kuma ranar da aka ɗaura su a wuce kai tsaye wajen balansin da alaimen kafin a hau babbar hanya.