Manja da Nono Ba Sa Karya Gubar Ɓera

A Katsina da ƙauyukanta an daɗe ana ɗauka cewa idan yaro ya ci maganin ɓera, aka ɗura masa manja ko nono, kuma ya wuni lafiya, to ya tsira. Wannan kuskure ne mai cin rai. Wasu nau'o'in gubar, irin su brodifacoum, suna hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran da ke daskarar da jini, kuma ɓarnar takan ɓoye har kwana 2 ko 3 kafin a ga haɓo, jini a dasashi ko jan fitsari. Manja ba ya hana wannan. A garzaya da yaron asibiti tare da kwalin gubar, domin a auna jininsa, a ba shi bitamin K1 idan ya kama, wani lokaci har tsawon makonni.