Mishon, iyali da fitar farkon damina: ga amsa, a bar ni in huta

Na yi shekaru ina shirya tafiye-tafiyen aiki na ma'aikata, wato mishon, a wani sabis a nan Yamai, kuma sau da yawa ni ma ina cikin motar. Kowace shekara, da watan Mayu ya raba, mangwaro ya cika kasuwa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai tambayoyi iri ɗaya su taso mini, a biro, a waya, har a bakin masallaci. Ga amsoshin a wuri guda.

In faɗa wa iyali ranar da zan dawo?

Faɗa, amma ƙara kwana biyu a kan abin da aka rubuta a takardar mishon. In ka riga ranar dawowa, kai ne gwani. In ka makara ko da yini ɗaya ne, sunanka maƙaryaci a bakin ɗan shekara shida.

Tsaraba dole ce?

Dole ce. Wanda ya bi ta Galmi ya shigo gida ba albasa, ko ya baro Tawa ba cuku, shi ya san abin da zai faɗa wa uwargida. Sai dai tsaraba ba ta biyan bashin alkawari. Kilishi ba ya goge "Baba, ka ce za ka kai mu."

To ina ma za a kai yara cikin wannan zafi?

Wannan tambaya tana ba ni haushi, don masu yin ta sun shekara ashirin a garin nan ba su taɓa shiga gidan tarihi na Boubou Hama ba. Tun 1959 yake nan. Akwai zaki, akwai dorina, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a yankin Agadas, akwai ma gangar itacen Tenere, itacen nan da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, wanda wata babbar mota ta buge a 1973. Ku je da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha mai yawa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ba a fita da yaro tsakar rana don a ɗauki hoto.

Bakin kogi da yamma ma fita ce, a zauna a kalli masu jirgin kwale-kwale da gadar Kennedy. A zauna na ce, ban ce a shiga ruwa ba.

Raƙuman dawa na Kure kuwa, wajen kilomita 60 ne kan hanyar Doso. Tun harin da ƴan bindiga suka kai can a watan Agustan 2020 ba wurin da ake tashi kawai a je ba ne. A tambayi hukuma tukun.

An ba ni mishon zuwa Tawa daidai lokacin hutun lakwal. In tafi da iyali, mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya?

To, nan fa sai a zauna. Ba zan ce a'a kai tsaye ba, don na ga waɗanda suka yi ya yi musu kyau, amma na fi ganin waɗanda suka dawo ba sa magana da juna.

Farko, da wace mota? In ta sabis ce, manta. Takardar mishon sunaye take ɗauke da su, kuma a shingen jandarma ana duba ta. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, asirans ba ta san matarka ba, direba kuma ka jefa shi cikin abin da ba ruwansa. Ko da shugabanka ya ce maka "ba komai" da baki, ranar tambaya ba zai tuna ba. In kuwa za ka yanka musu tikitin kar, wato bas, da kuɗinka, ko ka ja motarka, wannan wata magana ce.

Sai hanyar. Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karya arewa a Tsarnawa. Yini guda ne cur, kuma yaro mai shan nono bai san kilomita ba. A watan Yuni, kafin ruwa ya zauna, da sauƙi. Daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta ruwan dare ɗaya kan iya cika kori ya tsayar da motoci. Labarin tsaron hanya kuma ana tambayarsa ne a satin tafiya, wurin direbobi, ba a dogara da na bara.

Sannan ka tambayi kanka, su wa za su zauna da su? In kai Ba'adare ne, ɗan yankin Tawa, kakarsu tana can, ga ƴan'uwa, to madalla, kai su, ka yi aikinka, su sha hura su san danginsu. Wataƙila ma ka baro su can sai ƙarshen hutu. In kuwa masauki za ka ajiye su, kai ka fita ƙauyuka tun asuba ka dawo bayan isha, ka ɗauko su ne daga gidansu ka kulle a ɗakin da ba su san kowa ba. Wannan ba hutu ba ne.

In akwai mai rubuta BEPC ko Bak a gidan, maganar ta mutu sai an gama jarrabawa. In akwai ƙaramin da bai kai shekara 5 ba, ka tuna damina ce lokacin rabon maganin kariya daga masassarar cizon sauro, wata-wata, kada tafiya ta sa ya tsallake. A tafi da gidan sauro da takardun haihuwa.

In duk waɗannan sun daidaita, kuma za ka iya ƙara kwana biyu naka na kanka bayan an rufe aiki, je ka. In ɗaya ya gurgunce, ni dai da na bar su gida. Amma gidanka ne.

Ni mace ce, surukata tana cewa aikina ya fi mini ƴaƴana.

Kwantar da hankalinki, ƴar'uwa. Ba ki yi laifi ba. Ki bar cefane a ƙulle, ki bar wadda kika yarda da ita, ki gaishe da Inna kafin ki tashi da bayan kin sauka. Maigida kuma ya sani kwana huɗu da ƴaƴansa ba taimako yake yi wa kowa ba, nasa ne.

Mata biyu gare ni, in na dawo ɗakin wa zan sauka?

Ni mai shirya mota ne. Ga malamai nan.

Ina tura kuɗi ta Nita duk sati, me kuma ake nema?

Muryarka. Kira bayan magariba, minti biyar, kowane yaro ya karɓi wayar. In za ka shiga inda ba rezo, faɗa tun kafin ka shiga, kada a kwana ana salati.

Na dawo daren Juma'a a gajiye, su kuma suna jiran fitar Asabar. Ba ni da haƙƙin barci?

Kana da shi, har azahar. Daga nan tashi.

Wata shekara na yi wa ƴata alkawarin gidan tarihi ranar Asabar. Aka ƙara mana kwana a Maraɗi, na iso Lahadi da dare. Uwarta ta ce ranar Asabar ɗin tun safe yarinyar ta sa takalmin Sallah ta zauna kan tabarma a zaure, da ƴar jakarta da gorar ruwa, duk ƙarar mota sai ta leƙa. Da la'asar ta cire takalmin ta mayar cikin kwali, ba ta yi kuka ba. Na miƙa mata kilishi, ta ce "Na gode Baba," ta ba ƙanenta. Asabar ta gaba na kai ta. A bakin ƙofa, ina biyan kuɗin shiga, ta ja mini riga ta ce, "Baba, kashe wayarka, kada su kira ka."