Yaro Mai Nakasa Ma Yana Da Kujerarsa A Aji

Mu da ke shiga gida-gida aikin rigakafi a Daura muna ganin yaran da ba kowa ke ganinsu ba. Da hantsi, sa'o'insu duk sun tafi makaranta, su kuwa suna tsakar gida. Ga yarinya da shan inna ta taɓa wa ƙafa tana rarrafe kusa da turmi, ga yaron da sanƙarau ya bari da kurumta yana wasansa shi kaɗai a zaure. In an tambayi uwa sai ta ce, "Ina za mu kai shi? An ce ba su da yadda za su yi da shi."

Iyayena da 'yan'uwana, wannan magana ba ta da mazauni a doka. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya. Dokar ta ba su karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, a samu ƙwararren malami aƙalla ɗaya da zai kula da su, a kuma koyar da rubutun makafi da maganar hannu ta kurame. Wanda ya nuna wariya yana iya biyan tarar naira 100,000 ko zaman gidan yari na wata 6, ko duka biyun; in hukuma ce ko kamfani, naira miliyan 1. An ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara mashiga don keken guragu, wa'adin kuwa ya cika tun 2024. Tun kafin nan, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, ba ta cire kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau da yawa ba makaranta ce ta ƙi ba, gida ne bai gwada ba. Wani kunya, wani tausayi, wani kuma ya riga ya yanke wa yaron bara. Alhali ƙafa ce ta samu matsala, ƙwaƙwalwa na nan garau.

Ku kai shi wurin hedimasta da takardar haihuwarsa. Mai ƙarancin ji ko gani, ku roƙa a zaunar da shi a layin gaba. In aka mayar da ku, ku sami shugaban kwamitin kula da makaranta da mai unguwa, in ta ci tura ku je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Akwai kuma makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi ga wanda lalurarsa ta yi tsanani. Yaron da kunnensa ke ruwa ko idonsa ke fari-fari, ku fara kawo mana shi asibiti a duba kafin abin ya yi nisa.