Wai mene ne tiransisto na jameniyom?

Duk wanda ya taɓa zama wajen mai gyaran rediyo ya san maganar nan ta "ai tiransisto ne ya ƙone". Ɗan mitsitsin abu ne mai ƙafa uku, 'yar wutar da ka ba ƙafa ɗaya ita ke juya babbar wutar da ke bi ta sauran biyun, shi ya sa yake ƙara wa sigina ƙarfi ko ya yi aikin makunni. Na yanzu yawanci da silikon ake yinsu, amma na farko da wani ma'adini ne jameniyom.

A Disambar 1947 John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa na farko a Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin tarho na Bell, da ke New Jersey a Amurka, kuma in ka ga hotonsa sai ka yi dariya wallahi, ɗan falle na zinare ne aka manna a jikin roba mai kusurwa uku aka tsaga bakinsa da reza sannan aka danna shi kan guntun jameniyom. Su Bell ɗin matsalar tarho ce ta dame su, don kiran nesa sai an ƙara wa murya ƙarfi a hanya, kuma ƙwayayen gilashin da ake amfani da su lokacin ga zafi ga shan wuta ga yawan mutuwa. Western Electric, kamfanin da ke ƙera wa Bell kaya, ya fara ƙera tiransisto a 1951, a 1952 ya shiga na'urorin tarho a garin Englewood inda mutum ke buga kiran nesa da kansa ba sai ta hannun ofareta ba.

Sojoji kam tun farko suna ciki, ai dama aikin radar na Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa aka ƙware wajen tace jameniyom. An nuna musu abin kafin a kira 'yan jarida a Yunin 1948, ba su mayar da shi sirri ba, daga baya ma suka zuba kuɗi sosai don suna son kaya mara nauyi a jirgi. Kwamfutar TRADIC ta 1954 ma sojan sama aka yi wa.

Inda jameniyom ya gaza shi ne zafi, da ya haura wajen digiri 75 na Celsius sai wuta ta fara yoyo aiki ya rikice, soja kuwa ba zai yarda da haka ba. Da kamfanin Texas Instruments ya fito da na silikon a 1954 sai kasuwar ta fara juyawa, duk da dai rediyon aljihu na farko, Regency TR-1, da ya fito a shekarar, tiransisto huɗu na jameniyom ne a cikinsa.