Waiwaye: Yadda nauyin kamfe ya sauka daga kan magoya baya ya hau kan kamfanoni

Tun bayan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba 2025 maganar kuɗin kamfe ba ta mutu ba a majalisun shayi na Garwa da Marwa. Wa ya biya kuɗin atamfar da aka raba? Wa ya zuba wa babura mai, wa ya yi hayar motocin da suka kwaso jama'a daga ƙauyuka? Samari na ta cacar baki kamar jiya kamfanoni da attajirai suka fara sa hannu a kamfe. Abin kuwa ya girmi yawancinsu.

Farkon labarin kowa ya san shi. Daga 1966 Kamaru ta zauna ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, ɗan takara ɗaya, don haka babu wata gasar da za ta ci kuɗi. A Disamba 1990 aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, a Oktoba 1992 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko mai 'yan takara barkatai. A wancan lokaci sabbin jam'iyyu sun dogara sosai ga nasu: sayen katin jam'iyya, karo-karo a unguwa, mai mota ya ba da aron motarsa, tela ya ɗinka tuta kyauta.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1993 da 1994, alhali a ganina nan igiyar ta tsinke. A 1993 an zabtare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, a Janairu da Nuwamba. Ba a gama jimamin wannan ba, sai a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: farankin Faransa guda da ake saya sefa 50 ya koma 100. To, su wa ke riƙe da ƙananan rassan jam'iyyu a garuruwanmu? Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da akawu. Su ke sayen kati, su ke biyan hayar ɗakin taro, su ke ciyar da baƙi idan ɗan takara ya sauka. Wani kawuna malamin firamare, wanda a da ba ya fashin karo-karo, bayan wannan shekara da yamma kan babur ake ganinsa yana ɗaukar fasinja. Wanda ke neman kuɗin gero ba ya sayen katin jam'iyya.

A daidai lokacin da aljihun magoya baya ya bushe, kayan kamfe suka yi tsalle. Takardar buga hoton ɗan takara, lasifika, taya, kayan gyaran mota, kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu ya bi sefa. Ƙasar ga faɗi. Wanda ya taɓa bin hanya daga Ngaundere zuwa Kusiri ya san abin da ayarin motoci zai sha. Jam'iyya ta waiwaya hagu da dama, wa ya rage mai tsabar kuɗi? Mai fitar da kaya waje, wanda karyewar sefa ta ƙara wa riba, da mai kwangila, da mai manyan motocin dakon kaya. A shekarun nan ne kuma gwamnati ta fara sayar da kamfanoninta bisa sharuɗɗan masu ba da lamuni na duniya, dukiya ta ƙara taruwa a hannun masu zaman kansu. Ba sai wani ya ƙulla makirci ba. Mai buƙata ne ya tarar da mai abin hannu, shi kuma mai abin hannu harkarsa na rataye da lasisi da haraji da fiton kaya, ba zai so ranar rantsarwa ta same shi a bayan layi ba. Shi ya sa ake jin labarin ɗan kasuwar da ke ba wannan da rana, ya ba wancan da dare.

Abin lura, a Janairu 1995 Faransa ta haramta wa kamfanoni ba 'yan takara gudunmawa kwata-kwata. Mu a lokacin ta kanmu muke yi.

A Kamaru, dokar ba jam'iyyu tallafi daga baitulmali ta zo a Disamba 2000, daga baya aka shigar da ita cikin kundin zaɓe na Afrilu 2012. Tallafin kamfe kashi biyu ne: na farko ana raba shi daidai tsakanin 'yan takara kafin zaɓe, na biyu sai wanda ya samu aƙalla kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u, gwargwadon abin da ya samu. Kuɗi daga ƙasashen waje haramun ne. Amma kafin a yi wannan gyara, ɗabi'ar ta riga ta yi saiwa, an yi zaɓen 1997 a kanta. Kundin 2012 ɗin kuma ya ɗaga kuɗin ajiyar ɗan takarar shugaban ƙasa daga sefa miliyan 5 zuwa miliyan 30. Ƙara da wakilin da ake so ya zauna a kowace rumfar zaɓe, rumfuna fiye da dubu 20, kowanne da kuɗin mota da abincin rana, da kamfen mako biyu a jihohi goma.

A majalisarmu wani ya ce a hana kamfanoni bayarwa kawai a huta. Wani dattijo ya tambaye shi yaushe rabonsa da sayen katin jam'iyyarsa. Ya yi shiru yana lissafi, har shayi ya huce.