Waiwaye: Yadda aka tsara hotunan 'yan wasa mata a katunan taba sigari

A shekarun 1880, kwalin taba sigari a Amurka na takarda ne mai laushi, sai a cusa ɗan kati a ciki don kada karan taba su murƙushe. Da injin naɗa taba na James Bonsack ya shigo, wanda kamfanin Duke na Durham ya fara aiki da shi a 1884, taba ta yi yawa, gasa ta yi zafi. Kamfanonin Duke, da Allen & Ginter na Richmond, da Kinney mai tabar Sweet Caporal, duk suka mayar da katin nan allon talla. Hotunan mata 'yan wasan dandamali irin su Lillian Russell da Pauline Hall na cikin waɗanda aka fi bugawa.

Akasarin hotunan ba don katin aka ɗauke su ba, kuma tsarinsu ya nuna haka. Asalinsu hotunan situdiyo ne, irin waɗanda Napoleon Sarony da Benjamin Falk suke ɗauka a New York, masu faɗin inci 4¼ da tsawon inci 6½. Sai a sake ɗaukar su a ƙanƙance su zuwa kamar inci 1½ da 2¾, a jera da yawa a gilashi ɗaya (gilashin da ake ɗaukar hoto a kansa a lokacin), a wanke a takarda ɗaya, a yanka. Idan hoton na tsaye ne, fuska takan koma kamar ƙwayar wake. Abin da ya rage wa ido shi ne siffar jiki: karkatar kafaɗa, matsattsen ƙugu, babbar hula, hannu a kan kujera. Shi ya sa hoton da aka yanke daga ƙirji zuwa sama, aka dusashe gefensa, ya fi fitowa a katin. Wanda aka cika da labule mai zanen daji da duwatsun takarda kuwa sai ya cakuɗe.

Kayan da ke cikin hoton ba ado kaɗai ba ne. Ɗauka tana cin daƙiƙoƙi da hasken tagar rufi, don haka mace tana buƙatar abin jingina, a bayanta kuma akwai ƙarfen da ke tallafe ƙeya, wanda wani lokaci ake hango ƙafarsa ta bayan diddige. Gilashin lokacin ya fi karɓar shuɗi, ja da rawaya sai su fito da duhu, har ɗigon fata ya yi baƙi. Ana gyara wannan da fensir a jikin gilashin, a rage ƙugu ma. A ƙasa ake barin fili na sunan 'yar wasa da sunan taba, kuma ba kullum sunan ke daidai ba.

Takardar hoton siririya ce da aka shafe da farin ƙwai, aka manna a kwali. Haske da laima suna mayar da ita rawaya, fuska ce ke fara gogewa, saman kuma ya tsattsage. Katunan launi da aka buga daga zanen da aka yi a kan dutse sun fi jurewa, amma kowane launi da dutsensa, in ɗaya ya goce sai jan leɓe ya sauka a haɓa.

Yawan hotunan mata cikin matsattsun kayan wasa ya jawo suka daga malaman coci. A 1894 Washington Duke, wanda ya kafa kamfanin Duke, ya rubuta wa ɗansa James Duke wasiƙa yana roƙon a daina. Kafin nan ma harkar ta ja baya a Amurka, tun da manyan kamfanoni biyar suka haɗe a 1890 suka zama American Tobacco Company. A Ingila kamfanin Ogden's na Libaful ya ci gaba da katunan tabar Guinea Gold, kuma a shekarun 1930 taurarin fim suka mamaye katin da hoton fuska kusa-kusa, har ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da bugu. Dubban tsofaffin katunan Amurka suna gidan tarihi na Metropolitan a New York, cikin tarin da Jefferson Burdick, wani mai tara katuna, ya bayar, kuma da lambobin da ya ba su ake kiran su har yau, kamar N145 na Duke.